Ajans ɗin da ta kai mu Indiya dashen ɓargo: sun iya biza, amma ba su tambayi kuromozom ba

Tauraro uku cikin biyar na ba su, kuma ukun nan ma na biza ne da jirgi da masauki da tafinta, ba na shawarar likita ba. Tun da muka dawo Damagaram mutane ke ta kirana, wani ɗan uwansa ne ba lafiya wani matarsa, kowa tambayarsa ɗaya, ajans ɗin nan da ta kai ku tana da kyau? Na gaji da maimaita labari a waya shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ba, ba kuma zan faɗi sunan asibitin ba, don abin da na gani ba halin kamfani ɗaya ba ne, na yi magana da iyalai da suka zo ta hannun wasu ajans daban kuma kusan duk salon ɗaya ne.

Ƙanena ne majinyacin, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin ya fara da kasala da zazzaɓin da ba ya sauka, aka yi ta maganin palu da tifoyid, sai dasashi ya fara jini, jiki ya yi fari fat. Analiz ɗin jini ne ya tada hankalin dokta, ya ce mu wuce Yamai, kusan kilomita 900 a kar da mutumin da ko zama ba ya iya yi da kyau. Can aka ɗebi ɓargo a ƙashi aka duba aka ce sankarar jini ce mai saurin ci, wadda takardun Faransanci ke rubutawa LAM, su kuma can Indiya AML suke cewa.

In fara da alherinsu don kar a ce na ci amana. Wallahi ta fannin takardu sun iya aiki. Dosiyenmu duk da Faransanci yake, su suka sa aka juya shi Ingilishi, su suka samo wasiƙar gayyata daga asibiti, bizar majinyaci da ta masu jinya biyu da Indiya ke yarda da su duk ta fito ba tare da mun sha wahala ba. Mun bi ta Addis Ababa, muna sauka mota na jira, ɗaki kusa da asibiti da ɗan kicin da za ka dafa abinka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da yajin ƙasar nan zai iya kwantar da shi. Tafintan da suka haɗa mu da shi yaro ne ɗan Kano mai karatu a can, Allah ya yi mishi albarka, ko tsakar dare ka kira shi zai ɗauka, Yaya yake ce mini kamar gidanmu ɗaya. In don wannan ne kawai da biyar cif zan ba su.

Matsalar tun a Yamai ta fara, ranar da wakilinsu ya turo mini debi ta WhatsApp. Hoton takardar miyelogram, wato rezilta ɗin gwajin ɓargon da aka yi a Yamai, kawai na tura mishi, ba a yi awa nawa ba sai ga farashi, dashen ɓargo, kaza, kwana kaza a asibiti, ku biya abans kaza. Kuɗin ya haura miliyan goma na sefa nesa ba kusa ba, irin kuɗin da sai an sayar da fili an haɗa da gudummawar dangi. Na ce mishi to dokta ya tabbatar dashen ne maganin? Ya ce Alhaji kar ka damu, sankarar jini ai dashe ne ƙarshenta, kusan kowa na warkewa. Wannan maganar ita ce ta cinye musu tauraro biyu, don ba gaskiya ba ce ta kowane ɓangare, ba kowa ke buƙatar dashe ba, kuma ba kowa dashe ke warkarwa ba, abin da ke raba tsakani kuwa wani gwaji ne da wakilin ko sunansa bai ambata mana ba, kariyotif, wato gwajin kuromozom na ƙwayoyin sankarar.

Likitar jinin da ta karɓe mu can, mace ce mai haƙuri, tambayarta ta farko ita ce an ba shi shimiyo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, ko ba a ba shi ba. Muka ce ƙarin jini kawai aka yi ta yi mishi. Ta ce madalla, ta sa aka sake ɗibar ɓargo a ƙashin ƙugu a ranar. Ga yadda na fahimci bayaninta ta bakin tafinta, da abin da na ƙara karantawa a zaman jinya, don wallahi zaman jinya zai mayar da kai ɗalibi ko ba ka so.

Kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromozom 46, biyu-biyu har kashi 23, ana kiran su da lamba, in ban da na jinsi, XY ga namiji XX ga mace, rabi daga uwa rabi daga uba, a cikinsu ne umarnin yadda ƙwayar za ta rayu ta hayayyafa ta mutu yake. A sankarar jini sau da yawa sai ka tarar ƙwayoyin cutar, wato ƙwayoyin jinin da suka zama sankara, kuromozom ɗinsu sun lalace, ko guda ta ɓace gaba ɗaya, ko wani yanki ya gutsure, ko biyu sun yi musayar gutsattsari, ko yanki ya juye a inda yake. A labo sai su raini ƙwayoyin ɓargon da rai, su tsayar da su daidai lokacin da suke rabuwa, su shafa musu rini su duba da madubin likita, aƙalla ƙwaya 20 ake ƙirgawa. Shi ya sa rezilta ke ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu. Akwai wani mai sauri da ake ce ma FISH, kwana biyu uku ya fito, amma shi abin da aka aike shi nema kawai yake gani.

Abin ba sabo ba ne fa. Tun 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka ga wata ƴar guntuwar kuromozom a masu sankarar jini mai tafiyar hawainiya, a 1973 Janet Rowley ta gano musaya ce tsakanin ta 9 da ta 22. Wato abin da likitoci suka sani fiye da shekara hamsin shi ne mai sayar maka da dashe bai ga dalilin tambaya ba.

Takardar ƙanena ta fito da layi ɗaya da ba zan manta ba, 45,XY,-7. Ma'ana maimakon 46 saura 45, ɗaya daga cikin kuromozom na 7 ta ɓace a ƙwayoyin cutar. Dokta ba ta ɓoye mana ba, ta ce wannan yana cikin rukuni mai tsanani. Masana na Turai suna da wani jadawali da ake ce ma ELN, sun sabunta shi a 2017 da 2022, ya raba AML gida uku. Akwai mai sauƙi, irin musayar 8 da 21 ko juyewar 16, waɗannan shimiyo kaɗai kan warkar da da yawa daga cikinsu kuma galibi ba a yi musu dashe a karon farko da cutar ta lafa. Akwai na tsakiya, inda yawancin masu kariyotif lafiyayye suke, su kusan rabin manya ne masu AML, a nan sai an ƙara duba wasu ƙananan canje-canje irin NPM1 da FLT3 kafin a yanke hukunci. Sai mai tsanani, ɓacewar 7, ɓacewar 5 ko gutsurewar dogon hannunta wato ɓangarenta mai tsawo, matsalar 17, juyewar 3, musayar 6 da 9, da wanda ake kira mai sarƙaƙiya wato lalacewa uku ko fiye a lokaci guda. Su waɗannan ko shimiyo ta kwantar da cutar kusan kullum tana dawowa, dashe daga jikin wani shi ne damar da ta fi.

To a nan wakilin zai ce ai ka gani, dashen dai aka yi. E an yi, amma sa'a ce ta sa maganarsa ta faɗa daidai, ba sani ba. Wani bawan Allah daga Maraɗi da muka zauna gida ɗaya, shi ma ya biya abans na dashe ma ɗansa tun daga gida, ya sayar da shanu, da kariyotif ya fito sai ga juyewar 16. Dokta ta ce yaronka ba ya buƙatar dashe yanzu, shimiyo za a yi ta yi zagaye-zagaye ana bin sauran cutar da gwajin jini, in ta dawo ko ta ƙi sauka sai a yi maganar dashe. Labari mai daɗi ne, mutumin har sujada ya yi, amma sai da ya yi ta zarya kan a mayar mishi da kuɗin da ya biya na abin da ba za a yi ba, ana ce mishi sai an yi magana da ofis, ofis na cewa sai asibiti. Har muka rabu bai gama karɓa ba.

Dalilin da ya sa ba a yi ma kowa dashe, ni ma sai can na gane. Bayan dashe hanya biyu mutum ke iya rasa ransa. Ko cutar ta dawo, ko dashen kansa ya kashe shi, don ana ƙone ɓargonsa ƙurmus da magani mai ƙarfi, sati biyu zuwa huɗu ba shi da garkuwa ko kaɗan kafin sabon ya kama, ƙaramin ƙwayar cuta sai ta zama ajali, sannan ga sabuwar garkuwar da ke iya juyowa ta afka ma fatarsa da hanjinsa da hantarsa don tana ganinsa baƙo. Kuromozom ba su da ruwa sosai da hanya ta biyu, ita ta fi danganta da shekaru da ƙarfin jiki da dacewar mai bayarwa. Hanya ta farko suke iko da ita. Mai juyewar 16 haɗarin dashe ya fi mishi haɗarin cutar, don me za a jefa shi? Mai ɓacewar 7 kuwa haɗarin cutar ya fi, sai a rungumi ƙaddara.

Kuma ko a cikin rukuni mai tsanani ba duka ɗaya ba ne, wannan shi ne abin da ya fi mini ciwo da ba a faɗa ma iyalai kafin su sayar da gida. Manomi ya san ƙuduji, ka share gona tas ka kawo iri mai kyau ka shuka, in ƴaƴansa na kwance a ƙasa damina na zuwa zai fito ya shaƙe geron. Haka wasu nau'o'in suke ma sabon ɓargo. Mafi muni su ne kariyotif mai sarƙaƙiya, da wanda kuromozom biyu suka ɓace ko ɗaya ta ɓace ga kuma wata lalacewar, da uwa uba matsalar guntun hannun 17, don a nan TP53 yake. Aikin TP53 shi ne in ƙwaya ta lalace ya ba ta umarnin ta mutu, shimiyo kuwa lalata ƙwayoyin cutar take yi ta jira wannan umarni, in babu mai ba da umarnin sai ƙwayar ta sha maganin ta ci gaba da harkarta. Masu irin wannan ko an yi musu dashe mafi yawansu cutar na dawowa, sau da yawa cikin shekarar farko. Ba wai ba a yi musu ba, ana yi, wasu na tsira, amma haƙƙin iyali ne a zaunar da su a ce ga yadda damar take, kafin kuɗi ya fita ba bayan ya fita ba. Na ƙanena ɓacewar 7 ce ita kaɗai ba tare da wata ba, TP53 lafiya, kuma shimiyo ta kwantar da cutar kafin dashe, wanda shi ma babban sharaɗi ne, dashe kan cutar da ba ta lafa ba sakamakonsa ya fi muni ko wane irin kuromozom ne.

Wani abu da nake roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe, a yi gwajin kafin a fara shimiyo. Mun haɗu da wata baiwar Allah da aka fara ma mijinta magani a wata ƙasa kafin su zo, ba a ɗauki kariyotif ba, da suka iso cutar ta lafa, aka ɗebi ɓargo sai lafiyayyun ƙwayoyi kawai, 46,XY, ba don cutarsa mai sauƙi ba ce sai don shaidar ta ɓuya. Likitoci suka rasa rukunin da za su sa shi, a yi dashe ko kar a yi, aka koma lalube a tsofaffin takardu. Ajans ɗin da ta san aikinta tambayar farko da za ta yi kenan. Kuma samfurin ba a aika shi kamar saƙon kilishi, ƙwayoyi masu rai ake so a kwalba mai heparin, maganin da ke hana jini daskarewa, su isa labo cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a daskarar da su ba kuma zafin Damagaram bai dafa su ba.

Sauran cututtukan jinin ma haka abin yake, a taƙaice. Mai musayar 9 da 22 a sankara mai tafiyar hawainiya yau ƙwayar magani yake sha, imatinib da ƴan uwanta tun 2001, dashe sai in sun ƙi aiki. Mai musayar 15 da 17 maganinsa daban ne kwata-kwata, ATRA da arsenik, kuma yana cikin waɗanda suka fi warkewa in an tare shi da wuri. Masu miyelom kuwa, wata sankarar ɓargo ce daban, galibi nasu ƙwayoyin ake ɗiba a mayar musu, farashinsa ma ba ɗaya ba ne da na dashe daga wani, kuma gutsurewar 17 ko musayar 4 da 14 na sa cutar saurin dawowa. Wakilinmu duk waɗannan a bakinsa abu ɗaya ne, sankara.

Maganar mai bayarwa ma sun yi mana sakaci. Cewa suka yi ku taho da ɗan uwa ɗaya kawai mai lafiya, alhali dacewar da ake nema ba ta rukunin jini ba ce, HLA ce, alamar da garkuwar jiki ke gane nata da baƙo da ita, tana kan kuromozom na 6, kuma tsakanin shaƙiƙai damar dacewa cif ɗaya ce cikin huɗu ga kowane mutum. Gidanmu gidan yawa ne, ƴan uba sun fi goma kuma kowa ya ce a ɗauki nashi, Allah ya saka musu, amma ɗan uba a al'ada iyakarsa rabin dacewa. Yanzu ana yin dashe da rabin ma, da wani magani siklofosfamid da ake bayarwa bayan dashen, sai dai in akwai cikakke shi ake fara dubawa. Ni da na raka shi ban dace ba. Sai da aka aiko da kayan gwaji gida, ƙanwarmu ce ta dace cif, aka shiga sabon neman biza da tikiti da lallashin mijinta da surukai, da a ce tun a Yamai aka gwada mu duka da an huta. Ita kuma tsoronta a fasa mata ƙashi, ta kira ni tana kuka, Yaya wai da gaske huda ni za a yi? Ba a huda ta ba, allura aka yi mata ta ƴan kwanaki don ƙwayoyin su fito cikin jini, aka ɗaura ta a na'ura ƴan awoyi ta tace abin da ake so ta mayar mata da jininta. Ciwon ƙashi ta yi na kwana biyu shi kenan. Dokta ta gaya mana dashe daga mace zuwa namiji, musamman wadda ta taɓa haihuwa, yana ƙara haɗarin sabuwar garkuwar ta dame shi daga baya, amma cikakkiyar dacewa ta rinjayi wannan.

Inna kuwa damuwarta ɗaya, gado ne? Don maganar ta fara yawo a unguwa wai jininmu ne ke da matsala, kuma akwai ƴan mata a gidan da ba su yi aure ba, kun san halin mutanenmu. Amsar ita ce lalacewar a ƙwayoyin cutar kawai take, daga baya ta samu, ba da ita aka haife shi ba kuma ba zai ba ƴaƴansa ba. Sai dai da yake ɓacewar 7 a matashi wani lokaci tana tafiya da wata matsalar gado da ake ce ma GATA2, sun yi mana tambayoyi kan dangi sun gwada kafin su amince da ƙanwar, ya fito babu.

Debi ɗin da aka ba mu bai haɗa da kariyotif da FISH da gwajin FLT3 ba, bai haɗa da shimiyon da ake yi kafin dashe ba wanda shi kaɗai ya fi wata, bai haɗa da kwanakin da aka ƙara lokacin da zazzaɓi ya kama shi ba, ga kuma zaman wajen kwana 100 bayan dashe kusa da asibiti da ba wanda ya lissafa mana hayarsa. Ban ce sun sace mana ko dala ba, duk faktir na asibiti ne kuma na gani da idona, amma farashin da ke kan takardar farko na jawo mutum ne ya shigo, in ka shigo kuma ba ka da hanyar komawa da majinyaci a tsakiyar magani.

Yanzu yana gida. Abin dariyar da ke cikin abin, gwajin ɓargonsa na bayan dashe ya fito 46,XX, wato jininsa na ƙanwarsa ne ɗari bisa ɗari, kuromozom na 7 guda biyu cif, rukunin jininsa ma ya koma nata. Taubasai sun samu abin yi, Hajiya suke kiransa. Da wannan gwajin ake sa ido, ranar da XY ko -7 suka sake leƙowa to cutar ce ke motsi, shi ya sa kowane randebu sai gabanmu ya faɗi.

A nan ne kuma ajans ta saki hannunmu. Tun da jirgi ya sauke mu wakilin da ke amsa saƙo cikin minti ɗaya ya koma sai ya ga dama. Ƙanena na shan siklosporin, maganin da ke danne sabuwar garkuwar kar ta afka mishi, kuma dole a riƙa auna yawansa a jini, in ya yi yawa ya taɓa ƙoda in ya yi kaɗan garkuwar ta tashi, ba wanda ya tsara mana inda za mu yi wannan ko yadda za mu samu maganin in ya ƙare, mu muka yi ta buga-buga tsakanin Yamai da Kano. Likitar can ce da tafintan ke taimakonmu don Allah, ina ɗaukar hoton rezilta in tura, ta duba ta ce a rage ko a ƙara. Ƙuraje sun ɗan fito mishi a tafin hannu da bayan kunne satin da ya wuce, ta ce a fara man shafawa a turo mata hoto duk bayan kwana biyu, in sun bazu ko gudawa ta fara to mu nemi tikiti.